Baƙar fuska a fosta: Laifin fata ko na mai kyamara?

IDAN ana hirar finafinan Hausa, a majalisar samari ko a ɗakin 'yanmata, akwai maganar da ba a rasa ji: "Ai wance a fili ta fi kyau." Wanda ya taɓa ganin jarumar ido da ido a wajen biki zai rantse maka cewa baƙa ce mai sheƙi, kyakkyawa son kowa, amma a fosta sai ta fito kamar an shafa mata gawayi. Wata kuma sai a ce, "Ita kam kyamara na son ta." A hankali aka wayi gari an yanke hukunci a industiri cewa kyamara ta fi son farar mace. Kallon finafinan Indiya da aka tashi da shi ya ƙara wa wannan ra'ayi gindin zama.

Ba ƙaramar magana ba ce. Saboda ita an hana wasu 'yan wasa fitowa a matsayin da su ka cancanta. Saboda ita 'yanmata da yawa, a cikin fim da wajen fim, su ka rungumi man bilicin, wanda likitoci su ka daɗe su na gargaɗin cewa sinadaran da ke cikin sa na lalata fata, wasu har ƙoda su ke taɓawa. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta fito ta bayyana shafe-shafen nan a matsayin babbar barazana ga lafiyar jama'a a Nijeriya.

To amma an bar jaki ne ana dukan taiki. Kyamara ba ta da so, ba ta da ƙi. Lissafin haske kawai ta sani, kuma lissafin nan mutum ne ya kamata ya yi mata shi.

Yaron shago

Akwai wani matashi a Kano da ya shafe shekaru ya na bin 'yan fim lokeshin da kyamara rataye a wuya, tun zamanin da ake fitar da fim a kaset da faifan CD. Ba shi ke ɗaukar fim ɗin ba. Aikin sa hoto maras motsi, wanda za a buga fosta da bangon kaset da shi, da wanda 'yan wasa ke saye su adana a albam ko su raba wa masoya.

A shagon wani dattijo mai hoto a cikin gari ya tashi. Da shara ya fara, sai kai fim wanki, sai riƙe fitila. Ya fi shekara kafin maigidan ya yarda ya ɗora masa kyamara a hannu, kuma ranar da ya ɗora masa, tsohuwa ce wadda komai na ta da hannu ake juyawa. A lokacin fim na naɗi ake sakawa mai ɗaukar hoto 24 ko 36, ba a ganin abin da aka ɗauka sai an wanke. Duk hoton da ya lalace kuɗi ne ya tafi, idan kuma na ɗaurin aure ne ko suna, to har da mutunci, domin ba a sake ɗaura aure don mai hoto ya gyara aikin sa.

Shi ya sa dattijon ba ya barin yaro ya danna sai ya faɗi lamba da bakin sa. Su na tafiya a hanya sai ya nuna inuwar zaure ko bakin masallaci ya ce, "Kai, ɗan nan, nawa za ka ba wannan?" Yaro ya ce, "Takwas, Baba." Ya ce, "Sake dubawa." Haka ya yi ta yi masa har idon sa ya koyi auna haske.

Da ya shiga harkar fim, kyamarorin dijital sun fara yawa, kowa ya ajiye ta a kan otomatik ya na ta dannawa. Shi kuwa sai ya tsaya ya dubi rana, ya dubi bango, ya dubi kayan da ɗan wasa ya sa, ya juya wannan ya juya wancan. Abokan aiki na tsokanar sa cewa ya fiye lissafi kamar mai awon gwal. Darakta ma wani lokaci ya kan ce, "Malam, hoto ɗaya fa mu ka ce, rana na faɗuwa!"

Ƙofa, ƙiftawa da ISO

Abin da ya ke lissafawa abu uku ne, kuma duk mai kyamara a duniya da su ya ke aiki, daga mai hoton fasfo har mai ɗaukar fim a Amurka.

Na farko ƙofar haske, wadda masu sana'ar ke kira afaca. A cikin idon kyamara akwai 'yan faifai da ke buɗewa su tsuke, tamkar ƙwayar idon kyanwa da ke zama siririya da rana ta buɗe da dare. Faɗin ƙofar da lamba ake auna shi: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne lambobin a juye su ke. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, babbar lamba kuma ƙaramar ƙofa. Dalili kuwa rabawa ce ake yi. Idan idon kyamara mai tsawon milimita 50 ne aka sa shi a f/2, faɗin ƙofar 50 ne a raba biyu, wato milimita 25. Idan aka kai shi f/16, ƙofar ta koma kusan milimita 3 kacal. Daga kowace lamba zuwa ta gaba mataki ɗaya ne, kuma kowane mataki na rage rabin hasken. Ke nan daga f/4 zuwa f/16 mataki huɗu ne, hasken ya ragu sau 16.

Na biyu shata, wato ƙiftawar kyamara, tsawon lokacin da ta ke barin haske ya shiga: kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa, ko cikin 60, ko 125, ko 250, har sama. Mai karatu ya tuna ƙofar sinima ranar da aka sa sabon fim. Yawan mutanen da za su shiga ya dogara da faɗin ƙofar da kuma daɗewar ta a buɗe. Ƙofa mai faɗi ta minti ɗaya za ta iya shigar da adadin da 'yar ƙarama za ta shigar a minti biyu. Haka haske ya ke.

Na uku ISO, wato ƙarfin jin haske. Sunan na hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ne, wadda a 1974 ta haɗe tsofaffin ma'aunai biyu, ASA na Amurka da DIN na Jamus. Shi ya sa har yanzu tsofaffin masu hoto ke cewa "asa ɗari" ko "asa ɗari huɗu". Lambobin sa ninkawa su ke: 100, 200, 400, 800, 1600. Duk ninki ɗaya mataki ɗaya ne, daidai da na ƙofa. A zamanin fim na naɗi, idan mutum ya saka mai 100, to da shi zai ƙare hotunan nan 36, ko dare ya same shi. A dijital kuwa ana iya canzawa a kowane hoto.

Sai dai kowanne cikin ukun na da farashin sa. Idan aka buɗe ƙofa sosai, haske ya samu, amma abin da zai fito tar ya ragu. A f/1.8, in an matso kusa, ido zai fito tar, kunne kuma ya yi dishi-dishi. Wannan alheri ne ga hoton jaruma ita kaɗai, domin tarkacen da ke bayan ta duk zai narke, ido ya tsaya a kan fuskar ta. Amma masifa ce ga hoton rukuni, inda sahun gaba zai fito, na baya su zama kamar aljanu. Hoton rukuni na son f/8 ko kusa da haka. Idan kuma aka bar shata ta daɗe a buɗe, hannu zai girgiza ko mai rawa ya motsa, hoto ya jagule.

Shi kuwa ISO a kyamarar dijital, gaskiyar magana ba ya ƙara haske ko ɗigo. Ƙara murya ce kawai. Duk wanda ya taɓa kama tasha a gajeren zango da daddare ya san cewa idan maganar na zuwa can ƙasa-ƙasa, ya murɗa rediyo, to maganar za ta ƙaru, amma shuuu ɗin ma zai ƙaru tare da ita. Shuuu ɗin hoto shi ne yashi-yashin nan da ake gani a hotunan dare, kuma a wuraren da su ka fi duhu ya fi taruwa. Idan mai hoto ya bar fuskar mutum a duhu, a kan fuskar yashin zai sauka.

Ga misalin yadda matashin nan ke sasanta su. A ce falo ne da rana, hasken taga kawai, kyamara na kan ISO 100 da f/5.6, ta ce sai an ba ta kashi ɗaya cikin 8 na daƙiƙa. Babu hannun da zai riƙe wannan bai girgiza ba. Sai ya buɗe ƙofa zuwa f/2.8, mataki biyu ke nan, shata ta koma ɗaya cikin 30. Ya ɗaga ISO zuwa 400, wani mataki biyun, shata ta koma ɗaya cikin 125. Shi ke nan, hoto ya tsaya cak. Ƙa'idar sa ita ce ya fara neman haske na gaske, sannan ƙofa, ISO ne na ƙarshe. Amma idan ta kama, ba ya tsoron ɗaga shi, domin hoto mai ɗan yashi ya fi hoton da ya girgiza, kuma sau da yawa ya fi wanda aka ɗauka da duhu aka zo ana jan sa da ƙarfi a kwamfuta.

A waje kuwa akwai tsohuwar ƙa'idar da ya gada daga maigidan sa, wadda masu hoto a ko'ina su ka sani: idan rana ta take, a ISO 100 da shata ɗaya cikin 125, ƙofa f/16 ce. In akwai ɗan gajimare ko hazon hunturu, f/11 ko f/8. In hadari ya haɗu, f/5.6. A cikin inuwa ko dab da magariba, f/4.

Ranar farin leshi

Wata rana cikin bazara ana ɗaukar wani fim na soyayya a wani katafaren gida. An samu sabuwar yarinya, baƙa, doguwa, wadda kowa ya yarda ta iya wasa. Darakta na so ya ba ta jarumar fim ɗin, karon ta na farko. Furodusa ya ce a fara ɗaukar ta hoton fosta a gani. Ranar ya zo da wani yaron gidan su da ya sayi sabuwar kyamara mai tsada, ya ce shi zai ɗauka.

Wajen ƙarfe ɗaya na rana ne. Yarinyar ta sa farin leshi da farin ɗankwali, aka tsayar da ita jikin bango mai farin fenti, rana na dukan tsakar kan ta. Yaro ya danna sau biyar ko shida. Da aka taru ana kallo, fuskar ba a ganin komai sai ido da haƙori.

Furodusa ya girgiza kai ya ce, "Kai! Wannan ai ba za ta sayar da kaset ba." Ba wai mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. A wancan lokaci fosta ce ke sayar da fim. Dillalai a Ƙofar Wambai da Bata fosta su ke fara dubawa kafin su ce a kawo kwafi kaza, shi kuma ya zuba kuɗin sa, wasu ma na bashi ne. Wata daga cikin matan da ke wurin ta ce, da sigar ba da shawara, "Ai da ta ɗan gyara fatar ta, wata biyu ya isa."

Yarinyar na jin su. Ba ta ce uffan ba, ta koma gefe ta zauna. Can da mutane su ka watse cin abinci, ta zo wurin matashin nan, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Malam, don Allah tsakanin ka da Allah, haka na ke?"

Bai ba ta amsa ba. Ya je ya karɓi kyamarar ya dubi hoton da kyau, sannan ya nufi furodusa.

"Alhaji, wane irin kaya yarinyar nan ta sa?"

"Farin leshi mana, ba ka gani?"

"To ranka ya daɗe, nuna min farin a hoton nan."

Alhaji ya duba. Leshin da ke ɗaukar ido a fili, a hoto ruwan toka ya fito, kamar an wanke shi da ruwan kwata. Bangon ma haka.

"Kyamarar da ta mayar da farin leshi toka, me ake so ta yi wa fuskar 'yar mutane?"

Abin da ya faru ba asiri ba ne. A cikin kowace kyamara akwai ma'aunin haske, kuma an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gaban sa, in an cakuɗa fari da baƙin sa, zai tashi ruwan toka matsakaici, mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kan sa. A yawancin wurare wannan zato na yin daidai. Amma ma'aunin bai san leshi ba, bai san bango ba. Da ya ga fari ya cika ko'ina sai ya ɗauka haske ne ya yi yawa, ya tsuke ƙofa, ya gaggauta shata, ya rage kusan mataki biyu don ya mayar da farin toka. Mataki biyu kuwa na nufin fuskar ta samu kashi ɗaya cikin huɗu na hasken da ta ke buƙata. Ga kuma rana a tsakar ka, wadda ta jefa inuwar ɗankwali da ta gira a kan fuskar. Ko wace ce aka tsayar a wurin nan sai ta yi duhu. Kuma ƙasar Hausa ƙasar farar shadda ce da babbar riga da rana mai zafi, don haka wannan tarko kullum a ɗane ya ke, a wajen ɗaurin aure, a filin idi, a lokeshin.

Matashin ya ce, "Alhaji, a ba ni bayan la'asar. Kayan nan dai, kyamarar nan dai."

Da rana ta yi sanyi ya kai ta ƙarƙashin wata darbejiya, inda shuke-shuken gidan ke can nesa a bayan ta. Ya sa wani yaro ya riƙe farin kwali daga gefe, ƙasa kaɗan da fuskar ta, don ya mayar mata da haske. Ya cire kyamarar daga otomatik. Ya miƙa tafin hannun sa a cikin hasken da ke sauka a fuskar ta, ya auna, sannan ya ƙara mataki ɗaya. Wannan ma dabarar tsofaffi ce: tafin hannu bai cika bambanta sosai tsakanin baƙi da fari ba, kuma ya fi ruwan tokan nan haske da kusan mataki ɗaya. Bai auna daga fuskar kai-tsaye ba, domin da ya yi haka kyamara za ta nemi mayar da baƙar fatar toka ita ma, ta koɗe, leshin kuma ya ƙone ya zama fari fat babu zane. Ya buɗe ƙofa f/2.8, ya bar ISO a 200, ya danna sau uku.

Gani ya kori ji. Leshi ya fito fari har ana ƙirga furannin sa. Bayan ta ya narke ya zama kore mai laushi. Fuskar kuwa baƙa ce kamar yadda Allah ya yi ta, ba a ƙara mata fari ko kaɗan ba, amma ga sheƙi a goshi da kumatu, ga hanci ya tsaya, ga ido na magana. Darakta ya ce, "Ikon Allah!" Alhaji ya daɗe ya na kallo, sannan ya ce, "Wallahi kamar ba ita ba." Matashin ya ce, "Ita ce, Alhaji. Wancan ne ba ita ba."

Sai dai kash, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tsakanin azahar da la'asar furodusa ya riga ya yi wa wata jarumar waya ya ba ta magana. Yarinyar ta fito a fim ɗin, amma a matsayin ƙawar jaruma. Hoton da bai ɗauki daƙiƙa guda ba ya raba ta da damar da wataƙila ta shekara ta na jira. Abin da matashin ya iya yi mata shi ne ya wanke hoton yamman babba, ya ba ta kyauta, ya ce ta riƙa nuna shi duk inda aka nemi hoton ta.

Katin Shirley

Masu cewa kyamara ta fi son fari ba daga sama su ka tsinci maganar ba, ta na da tarihi. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa raba wa shagunan wankin hoto wani kati mai ɗauke da hoton wata Baturiya, don su riƙa daidaita launin injinan su da shi. Katin Shirley ake ce masa, sunan matar farko da aka ɗauka. Idan fatar ta ta fito daidai, an ɗauka komai ya yi daidai. Fim ɗin launi na wancan zamani ma ba ya iya riƙe fari da baƙi sosai a hoto ɗaya, shi ya sa idan aka haɗa yaro baƙi da fari a hoton makaranta, ɗaya ya kan ɓace.

Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin wannan a binciken da ta wallafa a 2009. Abin mamaki, ta gano cewa cikin waɗanda koken su ya sa aka inganta fim ɗin a shekarun 1960 da 1970 har da kamfanonin kayan katako da na cakulan, waɗanda ke ƙorafin cewa a hotunan talla ba a bambance katako mai duhu da mai haske, ko cakulan baƙi da mai madara. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata uku masu launi daban-daban.

Ke nan matsalar daga ma'auni ta ke, kuma mutane ne su ka tsara ma'aunin. Hujja kuwa ita ce tun a wancan zamani akwai waɗanda su ka san hannun su. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta da Malick Sidibé sun ɗauki dubban baƙaƙen fuskoki cikin manyan riguna da atamfofi, da kyamarorin da ba su da otomatik, hotunan su kuma yau a manyan gidajen adana zane na duniya ake rataye su. A 2007 Sidibé ya karɓi kyautar Zakin Zinariya a bikin baje kolin fasaha na birnin Venis.

A cikin fim kuma fa?

Mai ɗaukar fim ya fi mai hoto shiga matsi, domin shi an ɗaure masa hannu ɗaya. Bidiyo irin na Nijeriya hoto 25 ne a daƙiƙa, kuma don motsi ya fito yadda ido ya saba, shata kan zauna a ɗaya cikin 50. Saura ƙofa da ISO da fitila. Idan ana rawa a lambu da tsakar rana, haske ya yi yawa, sai dai a tsuke ƙofa ko a sa wa kyamara baƙin gilashi mai rage haske, kamar tabarau. Idan dare ne kuma janareto bai iya ɗaukar fitilu, sai a yi ta ɗaga ISO. Duk wanda ya kalli tsofaffin kaset ya san fitowar dare inda bango ke motsi da yashi kamar tururuwa, ana jin muryar jarumi ba a ganin sa. Ba kaset ɗin ba ne ya tsufa, tun a lokeshin aka yi rowar haske.

Wasu sun kai neman haske maƙura. A fim ɗin Barry Lyndon na 1975, darakta Stanley Kubrick ya so ya ɗauki wasu fitowa da hasken kyandir kawai. Sai da ya nemo idon kyamara na kamfanin Zeiss mai buɗewa har f/0.7, irin wanda aka ƙera wa hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA. Hasken ya samu, amma farashin nan dai sai da aka biya: abin da ke fitowa tar ya yi ƙanƙanta har 'yan wasa ba sa iya matsawa gaba ko baya sosai. Mai ɗaukar fim ɗin, John Alcott, ya ci kyautar Oscar da wannan aiki.

Da kyamarar Canon 5D Mark II ta fito a 2008, mai ɗaukar hoto da bidiyo a lokaci guda, ita da ire-iren ta sun canza kamannin finafinai masu ƙaramin jari a duniya, har da na Hausa a shekarun da su ka biyo baya. Narkakken baya da a da sai a finafinan Indiya da Amurka ake gani ya zo hannun kowa. Sai kuma aka faɗa wani ramin: kowa ya buɗe ƙofa har ƙarshe, jaruma na ɗan gyara zama sai hancin ta ya fito tar, idon ta ya dushe. Kayan aiki sun canza, lissafin bai canza ba.

Wayar da ke aljihu

Yau kusan kowane mai kallon fim mai hoto ne. Yawancin wayoyi ƙofar hasken su a kafe ta ke, ba ta buɗewa ba ta tsukewa, narkakken bayan da su ke yi ma manhaja ce ke ƙirƙirar sa. Kamfanoni sun fara gyara tsohon ma'aunin nan: masu ƙera Tecno da Infinix sun yi suna a Afirka da daidaita kyamarar su don baƙar fata, Google ma ya fito da irin wannan tsari a wayar Pixel 6 a 2021. Amma har yanzu waya na faɗawa tarkon farar shadda da hasken taga.

Maganin bai da wuya. A sa mutum ya fuskanci haske, kada a bar taga ko rana a bayan sa. A guji tsakar rana, a nemi inuwa ko a jira la'asar sakaliya. A taɓa fuskar a jikin allo, idan 'yar alamar rana ta fito a ja ta sama kaɗan har fuska ta fito, a tsaya kafin farin kaya ya ƙone. Mai wayar da ke ba da damar saita ISO da hannu ya bar shi ƙasa da rana, da dare kuma ya fara matsawa kusa da fitila kafin ya ɗaga shi.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Furodusoshi na kashe kuɗi a kan sutura da motoci da gidajen haya, ya kamata su riƙa tambayar wanda za su miƙa wa kyamara ko ya san bambancin f/4 da f/16, domin fuskar mutane da abincin su ne a hannun sa. Masu kallo kuma, idan su ka ga jaruma ta fito duhu a fosta ko a waya, kafin su ce ba ta da kyau, su fara duba farin kayan da ke jikin ta. In shi ma ya koma toka, to an san mai laifi.

Allah ya sa a gyara, amin.